Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Waiwaye a Kan Asalin Adon Magana a Harshen Ingilishi

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ajin sakandare a ƙasar nan ya san wahalar haddar adon maganar Ingilishi. Malami zai cika allo da jerin maganganu, ga Turanci a hagu, ga ma'ana a dama, ya ce a kwafe a haddace domin jarrabawa tana tafe. Ta haka muka haddace cewa "to kick the bucket" na nufin mutuwa, "a white elephant" kuwa abu ne mai cin kuɗi marar amfani, ba tare da ɗayanmu ya ɗaga hannu ya tambayi abin da ya haɗa bokiti da ajali ba, ko kuwa laifin da farar giwa ta yi. Da aka gama jarrabawa sai yawancinsu suka zube, waɗanda suka rage kuma muka riƙa jefa su inda bai dace ba.

Abin da muke nufi da adon magana shi ne 'yan kalmomin da suka saba tafiya tare, waɗanda ma'anarsu a dunƙule ta saɓa wa ma'anar kowace kalma ita kaɗai. Idan Bahaushe ya ce wane ya ranta a na kare, ba wanda zai tafi neman karen da ya ba da rance, kowa ya san gudu ake nufi. To, haka abin yake ga Bature da nasa. Sai dai masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yawancin waɗannan maganganu an haife su ne a wani wuri, a wani zamani, cikin wata sana'a ko wani rikici, daga baya wurin da sana'ar suka shuɗe, maganar ta wanzu a baki. A wannan ɗan rubutu za mu bi sawun wasu daga cikin sanannun, mu ga inda kowace ta fito, domin wanda ya san asalin magana ya fi sanin nauyinta da kuma inda za a ajiye ta.

Gudummawar Littafin Baibul

Tun farkon ƙarni na 15 hukumomin coci a Ingila suka haramta fassara Baibul zuwa Ingilishi ba tare da izininsu ba, ana karanta shi da Latin wanda talaka ba ya ji. Wani malami mai suna William Tyndale ya ƙi yarda da wannan, ya tsallaka zuwa Jamus, inda aka buga fassararsa ta Sabon Alkawari a birnin Worms a shekarar 1526, aka riƙa shigo da ita Ingila a ɓoye cikin kayan fatake. Wannan aiki shi ya ci ransa, domin a 1536 an shaƙe shi aka ƙone gawarsa a Vilvoorde, kusa da birnin Brussels. Amma kafin nan, a fassararsa ta Attaura ta 1530, ya ƙirƙiro kalmar "scapegoat". Asalinta wata ibada ce ta Bani Isra'ila, inda a ranar kaffara akan kawo bunsuru biyu, a yanka ɗaya, ɗayan kuma babban malami ya ɗora masa zunuban jama'a a kora shi daji. Yau idan an kira mutum da wannan suna, ana nufin an ɗora masa laifin da wasu suka aikata domin su su tsira.

Abin da ya sa irin waɗannan maganganu suka bazu shi ne doka. Dokar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta 1559 ta wajabta wa kowa zuwa coci ranar Lahadi, wanda ya ƙi kuwa tararsa sule guda. Ke nan manomi da maƙeri da mai sayar da kifi, ko da ba su iya karatu ba, kowane mako sai sun saurari nassi ɗaya da kalmomi iri ɗaya. Da fassarar Sarki James ta fito a 1611, wadda malamai kimanin 47 suka yi, kuma suka ɗebi kaso mai yawa daga aikin Tyndale, sai ta zama ita ce a kunnen Turawan Ingila har fiye da shekara ɗari uku. Masanin harshe David Crystal ya ƙirga adon magana 257 na Ingilishin yau da ake samu a cikinta, a wani littafi da ya wallafa a 2010, ya kuma nuna cewa 18 kaɗai ne suka faro daga ita kanta, sauran ta gaje su ne daga fassarorin da suka gabace ta.

Daga nan aka sami "the writing on the wall", wato alamar cewa faɗuwa ta kusa. Labarin na Sarki Belshazzar na Babila ne, wanda yana tsakiyar shagali sai wani hannu ya bayyana ya yi rubutu a bango, Daniyel ya fassara masa cewa mulkinsa ya ƙare, kuma a daren nan aka kashe shi. Haka nan "to wash one's hands of", wato zare hannu daga wani al'amari, daga Bilatus gwamnan Rumawa take, wanda ya wanke hannunsa a gaban taro domin ya nuna ba ruwansa da hukuncin da za a zartar. Ita kuwa "by the skin of one's teeth", wadda daidai take da mu ce da ƙyar da jiɓin goshi, daga littafin Ayuba ta fito, ta hanyar fassarar Geneva ta 1560.

Girka da Rum da Dandalin Wasan Kwaikwayo

William Caxton shi ne ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, a Westminster, cikin 1476. A 1484 ya buga tatsuniyoyin Aesop na Girka, waɗanda ya fassara daga Faransanci, kuma suka daɗe suna cikin abin da ake fara koya wa yara. A cikinsu ne dila ya kasa kai wa ga 'ya'yan inabi ya juya yana cewa ai dama masu tsami ne, aka sami "sour grapes", wato kushe abin da mutum ya nema ya rasa. A cikinsu ne yaro makiyayi ya riƙa ihun ƙarya cewa kyarkeci ya faɗa wa tumaki, har ranar da ya zo da gaske ba wanda ya kawo ɗauki, aka sami "to cry wolf". Wani abin lura shi ne yadda ma'ana ke gusawa. A tatsuniyar da ta haifi "the lion's share", zaki cinye naman farautar ya yi gaba ɗaya, bai bar wa abokansa komai ba, amma a yau maganar tana nufin abin da muke kira kaso mafi tsoka.

Makarantun Ingila na wancan zamani Latin da tarihin Girka da Rum ne jigon karatunsu, saboda haka yaƙe-yaƙen mutanen da suka shiga bakin duk wanda ya yi boko. Sarki Pyrrhus na Epirus ya ci Rumawa da yaƙi a Asculum a shekara ta 279 kafin haihuwar Annabi Isa, amma jarumansa da suka faɗi sun yi yawan da nasarar ba ta amfane shi ba. Shi ya sa ake kiran nasarar da hasararta ta fi ribarta "a Pyrrhic victory". Julius Caesar kuwa, a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ƙetare wani ɗan rafi mai suna Rubicon da rundunarsa, alhali doka ta hana kwamanda shiga ƙasar Italiya da mayaƙa, wanda hakan ya zama shelar yaƙin basasa. Don haka "to cross the Rubicon" na nufin ɗaukar matakin da ba a komowa daga gare shi, bakin alƙalami ya bushe ke nan.

William Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, shi ma ya zuba nasa, kodayake ba duk abin da ake jingina masa ne ya ƙirƙira ba, wasu ya tsince su ne a bakin mutane ya ɗaukaka su. "A pound of flesh" daga wasansa na attajirin Venice take, wanda Ɗahiru Idris ya mayar Hausa da sunan Matsolon Attajiri. Mai ba da bashi ne ya kafe sai an yanko masa tsokar jikin wanda ya tsaya wa mai cin bashin, kamar yadda aka rubuta a yarjejeniya, saboda haka ake faɗar ta ga mai neman haƙƙinsa ba sani ba sabo. "A wild goose chase" kuwa, wadda ta bayyana a wasan Romeo and Juliet, a zamaninsa sunan wani tseren dawaki ne inda mahaya ke bin na gaba duk inda ya karkata, kamar jerin dinya a sama. Da aka manta da tseren sai mutane suka ɗauka bin tsuntsun daji ake nufi, ma'anar ta koma aikin baban giwa.

Dandalin wasan ya ba da wata kuma bayan Shakespeare. A 1709 wani marubuci, John Dennis, ya ƙago sabuwar dabarar kwaikwayon ƙarar tsawa domin wasansa da aka nuna a gidan wasa na Drury Lane a Landan. Wasan bai karɓu ba aka dakatar da shi, amma ba da jimawa ba, kamar yadda aka ruwaito, ya je kallon Macbeth a wannan gida sai ya ji tsawarsa tana tashi, ya miƙe yana ƙorafin an ƙi wasansa an kuma sace masa tsawa. Har yau "to steal someone's thunder" na nufin riga mutum amfani da dabararsa, ka kwashe yabon da ya kamata ya samu.

Teku da Bindiga da Doka

Ingila tsibiri ce, arzikinta da ƙarfinta a kan ruwa suka ginu, don haka ba mamaki yaren matuƙa jirgi ya malalo cikin maganar yau da kullum. Jiragen wancan zamani iska ke tura su ta hanyar manyan filafilai, igiyoyi masu yawa ke sarrafa su, kuma sabon shiga ba ya zama matuƙi sai ya san aikin kowace igiya. Wannan ne asalin "to know the ropes", wato sanin makamar aiki. Idan iska ta juyo farat ɗaya ta maƙe filafilan a jikin turken jirgi, jirgin ya tsaya cik, sai a ce "taken aback", abin da yanzu ake faɗa ga wanda mamaki ya kama. Igwa kuwa da ta tsinke daga maɗaurinta tana gangarawa cikin jirgi sa'ad da teku ke tangaɗi, 'yan jirgin ta fi yi wa haɗari, shi ya sa ake kiran ɗan tawagar da ba a san abin da zai ɓaro ba "a loose cannon".

Mafi shahara a wannan rukuni ita ce "to turn a blind eye", wato kau da kai da gangan. Horatio Nelson ya rasa ganin idonsa na dama a Corsica a 1794. A yaƙin Copenhagen na ranar 2 ga Afrilu, 1801, shugabansa Hyde Parker ya ɗaga tutar umarnin janyewa, shi kuwa Nelson, a yadda aka ruwaito, ya ɗora madubin hangen nesa a kan makahon idon ya ce bai ga wata tuta ba, ya ci gaba da yaƙi har ya yi galaba. Sai dai masu binciken ƙamus sun tarar da maganar a rubuce tun ƙarshen ƙarni na 17, ke nan labarin Nelson yaɗa ta ya yi, ta riga shi zuwa duniya.

Wanda ya san bindigar toka irin ta maharbanmu ba zai sha wahalar gane "a flash in the pan" ba. Tsohuwar bindigar Turawa tana da ɗan kasko a gefe inda ake zuba albarushi kaɗan, ƙyastu ya kunna shi, wutar ta shige ciki ta tayar da harsashi. Wani lokaci sai na kaskon ya yi wal ya mutu, bindiga ba ta tashi ba. Abin da ya fara da armashi ya mutu nan take ke nan, irin wutar kara.

Doka da kasuwa su ma sun bar nasu. Majalisar Birtaniya ta zartar da dokar tarzoma, wadda ta fara aiki a 1715. Idan mutum 12 ko fiye suka taru suna hargitsi, alƙali zai fito ya karanta musu shela da sunan sarki, duk wanda aka samu a wurin bayan awa guda ya aikata laifin da hukuncinsa kisa ne. An soke dokar a Ingila a 1967, amma har yanzu uba na iya yi wa 'ya'yansa abin da ake kira "to read the riot act", wato jan kunne na ƙarshe. A garin Cambridge kuma an yi wani mai hayar dawaki, Thomas Hobson, wanda ya rasu a 1631. Yana da dawaki kimanin 40, da ya ga ɗalibai suna zaɓen masu gudu suna gajiyar da su, sai ya kafa ƙa'ida cewa dokin da ke bakin ƙofa shi ne naka, in ba ka so ka tafi a ƙasa. "Hobson's choice" ke nan, zaɓin da ba zaɓi a cikinsa. Haka kuma "to carry coals to Newcastle", wadda tana rubuce tun ƙarni na 17, lokacin da garin Newcastle ke ciyar da Landan da kwal. Kamar a ce mutum ya yi safarar gishiri zuwa Bilma ne. Birtaniya ta rufe mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe a 2015, ta kuma kashe tashar lantarki mai aiki da kwal ta ƙarshe a 2024, amma maganar tana nan daram.

Abin da Aka Kwaso Daga Ƙasashen Wasu

Da Turawan Ingila suka bazu duniya da ciniki da mulkin mallaka, sai suka riƙa komawa gida da maganganu kamar yadda suke komawa da haja. A ƙasar Siam, wadda yanzu ake kira Thailand, farar giwa dabba ce mai alfarma, mallakar sarki, ba a sa ta aiki. Sai labari ya yaɗu a Turai cewa idan sarki yana son karya bafade sai ya yi masa kyautar ta, ga ciyarwa mai tsada, ga ba halin sayarwa. Daga wannan labari ne jaridunmu suka sami sunan da suke kiran manyan ayyukan gwamnati da suka lashe kuɗi ba su tsinana komai ba. "To run amok", wato haukacewa a afka wa jama'a, daga harshen Malay take. "To lose face" kuwa, wato zubewar girma, fassara ce kalma da kalma daga harshen Sin, wadda Turawa mazauna can suka shigo da ita a ƙarni na 19.

Biyu daga cikin irin waɗannan sun shafe mu kai tsaye, kuma ya kamata mu tsaya a kansu. Francis Moore, ma'aikacin wani kamfanin Ingila a bakin kogin Gambiya, ya wallafa labarin zamansa a 1738, inda ya bayyana wani dodo na Mandinka mai rufe jiki wanda ake fito da shi domin yanke rigingimu. Sunan wannan dodo, yadda kunnen Bature ya ji shi, shi ne ya zama "mumbo jumbo", wato surkulle ko maganar da ba ta da kan gado. Abin da yake hukuma ne a wurin masu shi, ya koma abin dariya a bakin baƙo. Haka nan idan Bature ya ce "from here to Timbuktu", ƙarshen duniya yake nufi, domin Turawa sun daɗe suna jin labarin garin ba su kai gare shi ba. Gordon Laing ya isa a 1826 amma aka kashe shi a hanyar fitowa, René Caillié ya shiga a 1828, Heinrich Barth kuma a 1853 bayan ya biyo ta Kano. A wurinmu kuwa Tambutu garin Ahmad Baba ne, garin da malamansa suka zauna suka karantar a Kano da Katsina tun ƙarni na 15 da na 16. Ɗan Kano da ya ari wannan magana ya faɗa, ya ari idon wani ne ya dubi maƙwabcinsa da shi. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Amurka ta ƙara nata. "To bury the hatchet", wato yin sulhu, al'ada ce ta 'yan asalin ƙasar, musamman Iroquois, waɗanda kan binne gatarin yaƙi idan an daidaita, kuma Turawa sun rubuta ganin haka tun ƙarni na 17. "To pass the buck", wato tura alhaki kan wani, daga teburin karta take, inda ake miƙa wata alama ga wanda rabon kati ya zo kansa. Shugaba Harry Truman, wanda ya yi mulki daga 1945 zuwa 1953, ya ajiye wani ɗan allo a teburinsa mai nuna cewa a wurinsa alamar take tsayawa. Amma wadda ta fi ɗaci ita ce "to be sold down the river", wadda a yau ake faɗa ga duk wanda aka ci amanarsa. Kogin da ake nufi shi ne Mississippi. Bayan Amurka ta hana shigo da bayi daga waje a 1808, sai cinikin cikin gida ya bunƙasa, ana sayar da bayi daga jihohi irin Virginia da Kentucky zuwa gonakin auduga da rake na kudu, ana raba uwa da ɗa, miji da mata. Masana tarihi sun ƙiyasta mutum kusan miliyan guda aka kwasa ta haka tsakanin 1790 da 1860. Wanda ya san wannan ba zai faɗi maganar da wasa ba.

Hattara da Tarihin Ƙanzon Kurege

Son jin asalin magana ya sa wasu ƙirƙiro asalin da babu shi. Tun 1999 wani saƙo ke yawo a intanet yana cewa wai "raining cats and dogs", wato ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta samo asali ne daga kyanwoyi da karnuka da ke kwana a rufin ciyawa suna zamowa idan an yi ruwa. Ba wata shaida da ta goyi bayan wannan. Abin da aka tabbatar shi ne Jonathan Swift ya yi amfani da maganar a 1738. Haka kuma an daɗe ana yaɗa cewa "rule of thumb" ta fito ne daga wata doka da ta yarje wa miji dukan matarsa da sandar da ba ta fi babban yatsa kauri ba. Ba a taɓa yin wannan doka a Ingila ba. Maganar tana rubuce tun ƙarni na 17 da ma'anar awon ƙiyasi, irin yadda mu ma muke awo da taki da kamu da gaba.

Abin da ya ba Turawa damar tantance gaskiya da ƙarya a nan shi ne aikin ƙamus. Francis Grose ya tattara maganganun 'yan tasha na Landan a 1785, kuma a cikinsu ne "to kick the bucket" ta bayyana, wanda ya nuna tun asali magana ce ta shaƙiyanci. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara fitarwa a 1884 aka kammala a 1928, ya bi kowace kalma da misalai masu shekara, daga mafi daɗewa zuwa na baya. Irin wannan bincike ne ya gano cewa ma'anar "red herring" ta yau, wato abin da ake jefowa don karkatar da hankali, ta faro ne daga ɗan jarida William Cobbett a 1807, wanda ya ba da labarin jan bandar kifi mai wari a ƙasa domin ɓatar da karnukan farauta daga sawun zomo.

Isowarsu Gare Mu

Ta ƙofar makaranta waɗannan maganganu suka shigo mana, tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909 da Kwalejin Katsina a farkon shekarun 1920, har zuwa kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma a 1952. Littattafai irin First Aid in English na Angus Maciver sun zo da su a jere, ba labari ba asali, mu kuma muka haddace. Illar haka ta bayyana a wuri biyu. Na farko, rashin sanin nauyin magana. Ɗalibin da aka koya wa cewa shurin bokiti na nufin rasuwa, yana iya sa ta a takardar ta'aziyya, alhali daidai take da a ce wa maraya ubansa ya sheƙa lahira. Na biyu, fassara. Tun fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, mai fassara kullum yana gaban zaɓi: ko ya juya kalmomin, ko ya nemo abin da Bahaushe ke faɗa a irin wannan hali. Shi ya sa wani lokaci mukan ji an ce wane yana zubar da hawayen kada, maganar da ta samo asali daga wani camfin Turawan da, cewa kada na kuka yayin da yake cin mutum, alhali kukan munafunci yana nan a harshenmu.

Ba karɓa kaɗai muka yi ba, mun kuma sarrafa. Bature ya ce a yanka riga daidai da ƙyallen da ake da shi, ɗan Nijeriya ya mayar da ita "cut your coat according to your size". Bature ya ce "more power to your elbow", mu muka ce "more grease". A watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya sanar da shigar da kalmomi da maganganu 29 na Ingilishin Nijeriya, ciki har da "to rub minds", wato yin shawara, da "to put to bed", wato haihuwa, da kuma Kannywood. Hanyar da ta kawo farar giwa daga Siam ita ce yau take ɗaukar namu zuwa Ingila.

Kammalawa

Mun ga cewa a bayan waɗannan maganganu akwai malamin da aka kashe saboda fassara, da mai hayar dawaki, da jirgin ruwa mai filafilai, da bawan da aka raba da iyalinsa. Malamin da zai ba ɗalibi labarin Hobson cikin minti biyu ya hutar da shi haddar mako guda, ya kuma nuna masa inda maganar ta dace. Amma darasin bai tsaya ga Ingilishi ba. Mu ma har gobe muna cewa wane ba shi da ko anini, ko sisin kwabo, alhali an daɗe da daina kashe waɗannan kuɗi, kuma yawancin ɗalibanmu na yau ba su taɓa riƙe anini a hannu ba. Bargery ya bar mana ƙamus tun 1934, ga tsofaffin jaridu, ga rubutun ajami, ga dattawa da sauransu a raye. Abin da ya rage shi ne a sami masu zama su bi adon maganarmu ɗaya bayan ɗaya, su rubuta inda aka fara jin kowace da abin da ta fara nufi, tun kafin masu tarihin ƙanzon kurege su riga mu. Wannan aiki ne da ɗaliban sashen Hausa za su iya farawa, ko da kowane ɗaya magana goma ya ɗauka. Allah ya ba mu ikon yi, amin.